Ƙafar Tundurmi Tana Bukatar Sabulu, Ruwa da Hannu Mai Taushi

   

Abin da za mu yi magana a kai yau shi ne kumburin ƙafa da ake kira tundurmi, da irin tausar da ke taimakon mai wannan ciwo. A ƙauyukanmu da yawa akwai uba ko uwa da ƙafarsu ta yi girma har takalmi ba ya shiga. Akwai wanda ya daina noma tun da sauran ƙarfinsa. Akwai budurwar da masu nema suka janye saboda ƙafarta. Akwai kuma wadda ta daina zuwa taro, gama ta gaji da kallon da ake yi mata. Yawancinsu an gaya musu cewa babu abin da za a iya yi. Wannan magana ba daidai ba ce. Akwai abubuwan da iyali za su iya yi a gida kowace rana da baho, sabulu, ƙyalle mai tsabta da hannu biyu. Amma tilas a yi su yadda ya kamata, domin tausar da aka yi ba daidai ba tana ƙara ciwo.

Ruwan da ke tafiya a jikinmu

Kowa ya san jini da jijiyoyin jini. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne akwai waɗansu ƙananan hanyoyi dabam a cikin jiki, masu ɗauke da wani ruwa garai-garai, mai kama da ruwan da ke taruwa a cikin bororo idan wuta ta ƙona mutum. Likitoci suna kiran wannan ruwa limf. Mu za mu ce da shi ruwan jiki.

Ga yadda abin yake. Sa'ad da jini ke zagayawa, yakan tsattsafar da ruwa a cikin nama domin ya kai masa abinci. Wannan ruwa bai kamata ya zauna a wurin ba. Ƙananan hanyoyin nan ne ke kwashe shi, tare da datti da ƙwayoyin cuta, su bi da shi sama har gindin wuya, inda yake sake shiga cikin jini. Kowace rana lita 3 ko fiye na ruwa suna komawa ta wannan hanya.

A kan hanyar akwai wuraren tacewa, kamar rariya. Mun san su duka. Idan yaro ya ji ciwo a ɗan yatsan ƙafa, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito masa a gindin cinya, to, ɗaya daga cikin waɗannan matatun ce ta kumbura tana yaƙi da ƙwayar cuta. Jikin mutum yana da wajen 600 irinsu, kuma sun fi yawa a wuya, hamata, ciki da gindin cinya.

Zuciya ce ke tura jini. Ruwan jiki kuwa ba shi da zuciya tasa. Abin da ke tura shi shi ne motsin tsokar jiki sa'ad da muke tafiya ko aiki, da numfashi, da ɗan matsawar da hanyoyin ke yi da kansu. A cikinsu akwai ƙananan ƙofofi masu buɗewa gefe ɗaya kawai, don kada ruwan ya koma baya. Idan hanyoyin suka lalace, ruwa zai tsaya a ƙafa kamar yadda yake kwanciya a gona idan magudana ta toshe.

Daga ina tundurmi yake zuwa?

A ƙasarmu babban dalili shi ne wata tsutsa siririya kamar zare, wadda sauro ke ɗaukowa daga jinin mutum ya kai wa wani. A karkara, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro shi ne dai ke kawo ta. Tsutsar tana shiga hanyoyin ruwan jiki ta zauna, takan rayu shekara 6 zuwa 8, tana haifar miliyoyin ƙananan 'ya'ya da ke yawo a cikin jini da dare, daidai lokacin da sauro ke cizo. Sau da yawa mutum yakan kamu tun yana yaro, amma kumburin ba ya fitowa sai bayan shekaru masu yawa.

Saboda haka, 'yan'uwa, tundurmi ba sammu ba ne. Ba taka asiri aka yi ba, ba kuwa alhakin wani ne ya kama mutum ba. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko zama a benci ɗaya, ko wanke wa mai ciwon ƙafa.

Tsutsar ce ke fara ɓata hanyoyin, amma abin da ke sa ƙafa ta ci gaba da girma wani abu ne dabam. Ƙafar da ruwa ya kwanta a ciki ba ta da ƙarfin kare kanta. Idan ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa, ko ta faso, ko ta wurin da ruwa ya ci tsakanin yatsu, ko ta ɗan ciwon ƙaya, sai ƙafar ta yi ja, ta yi zafi, ta ƙara kumbura, mutum ya kwanta da zazzaɓi da rawar sanyi kwana da kwanaki. Wannan shi ne tashin ciwo. Kowane tashi yana ƙara lalata hanyoyin da suka rage, fata ta ƙara kauri, ta yi ninki, ta yi ƙuraje masu tauri. Wanda ya hana ciwon tashi ya tare hanyar girman ƙafar. Ku riƙe wannan, gama a kansa dukan sauran maganarmu ta tsaya.

Akwai kuma waɗansu dalilai. A tsaunukan Habasha da na Kamaru akwai irin wannan kumburi da ke kama manoma masu tafiya ba takalmi shekara da shekaru a kan jar ƙasa mai laka. Mace kuma da aka yi wa aikin sankarar nono aka cire mata kaluluwar hamata, hannunta na wannan gefe yana iya kumbura. Kulawar duka kusan ɗaya ce.

Abin da ƙwayar magani ta yi, da abin da ta bari

A shekara ta 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyan 120 ne ke ɗauke da tsutsar a duniya. Zuwa 2018 adadin ya sauko zuwa miliyan 51. A jihohin Filato da Nasarawa, ma'aikatun lafiya tare da Cibiyar Carter sun fara raba Mectizan da albendazole a shekara ta 2000, sau ɗaya a shekara, ana auna tsayin mutum da sanda kafin a ba shi. An kuma raba gidajen sauro masu magani. A 2017 aka sanar cewa jihohin nan biyu sun zama na farko a Nijeriya da suka tsayar da yaɗuwar cutar. A wannan shekarar ce kuma ƙasar Togo ta sami shaidar kawar da ita, Malawi ta biyo baya a 2020.

Wannan abin godiya ne. Yaran da aka haifa a waɗannan wurare bayan haka sun tsira. Inda kuwa har yanzu ake raba maganin, kada kowa ya ƙi sha, sai dai mata masu ciki, ƙananan yara da masu ciwo mai tsanani, waɗanda masu rabon suka san a tsallake su. Amma ƙwayar tana kashe 'ya'yan tsutsar ne domin sauro ya rasa abin ɗauka. Ba ta gyara hanyoyin da suka riga suka lalace. Bisa ƙiyasin da Hukumar ta yi tun farkon shirin, a wancan lokacin mutum sama da miliyan 15 ne a duniya ke da wannan kumburi, maza miliyan 25 kuma ke da gwaiwa ta dalilin tsutsar. Waɗansunsu maƙwabtanmu ne. Masu rabon magani sun gama nasu sun tafi, ƙafar tana nan tare da mu.

Wanki shi ne na fari

Kafin mu taɓa maganar tausa, bari mu faɗa a fili: wanki ya fi tausa muhimmanci. Wata likita a birnin Resife na ƙasar Barazil, Dokta Gerusa Dreyer, ta yi shekaru tana tara masu tundurmi tana koya musu wanke ƙafa da kula da fata, aka kuwa ga ciwon yana rage tashi ƙwarai. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa gaba ke nan har yau.

A wanke ƙafar kowace rana, sau biyu in da hali, musamman da dare kafin a kwanta. A yi amfani da ruwa mai tsabta wanda ba shi da zafi, da sabulun wanka na yau da kullum marar turare mai ƙarfi. A fara daga gwiwa a gangara zuwa yatsu. A bi kowane ninki na fata da tsakanin kowane yatsa da ƙyalle mai laushi, a yi ta sauya ruwan har ya fito garai. Kada a sa soso mai kaushi, ko dutsen goge ƙafa, ko buroshi. A wanke ɗaya ƙafar ita ma, ko da ba ta kumbura ba.

Bushewa tana da muhimmanci daidai da wankin. A dinga ɗora tawul a hankali ana ɗagawa, ba a gogewa. A tabbata cikin ninki da tsakanin yatsu sun bushe sarai, domin danshi shi ne gidan ƙwayar cuta. Sa'an nan a duba ƙafar da kyau a wurin da ke da haske. Wanda ba ya iya sunkuyawa, ɗansa ko jikarsa su duba masa tafin ƙafar. Idan an ga wurin da ya yi fari ya tsage tsakanin yatsu, ko ƙaramin miki, a nuna wa ma'aikacin lafiya ya ba da man shafawar da ya dace. A yanke farce a hankali, ba da reza ba.

Tausa mai taushi

Mu a nan mun saba da tausa mai ƙarfi. Idan manomi ya dawo jikinsa na ciwo, sai a danna masa baya, a murɗa, har yaro ya hau ya tattaka. Wannan tausar tsoka ce, tana da wurinta. A kan ƙafar tundurmi kuwa ɓarna take yi. Ƙananan hanyoyin da ke fara tsotse ruwan suna nan dab da ƙarƙashin fata, sun fi gashi siranta. Idan aka danna da ƙarfi sai su rufe, kamar wanda ya taka tiyon ban ruwa. Dannawa mai ƙarfi tana kuma jawo ƙarin jini zuwa wurin, ƙarin ruwa ya tsattsafo, kumburin ya ƙaru.

Tausar da muke nufi wani mutumin ƙasar Danmak mai suna Emil Vodder ne ya tsara ta tare da matarsa Estrid, sa'ad da suke aiki a Faransa, suka nuna ta a birnin Faris a 1936. A manyan asibitoci akwai waɗanda suka yi karatunta musamman. Akwai kuma sassauƙan nau'inta da mai ciwo ko ɗan'uwansa zai iya koya ya yi a gida, shi ne za mu bayyana.

Dokoki uku ne. Ta ɗaya, nauyin hannu. A shimfiɗa tafin hannu a kan fata, a ja fatar kaɗan har ta ɗan miƙe, a saki, ta koma da kanta. Nauyin hannun kada ya wuce yadda uwa ke shafa kan jariri. Idan fata ta yi ja ko mutum ya ji zafi, an yi ƙarfi da yawa. Ta biyu, gefen da ake ja. Kullum sama ake ja, wajen gangar jiki, ba a gangarawa wajen yatsu. Ta uku, wurin farawa. Mai noman rani da ya ga ruwa ya kwanta a fangalinsa yakan fara yashe bakin magudana ta inda ruwan zai fita, sa'an nan ya biyo ta baya. Haka nan ma a nan. Daga wuya ake farawa, tafin ƙafa shi ne na ƙarshe.

Ga yadda ake bi:

1. Bayan wanki da bushewa, mai ciwon ya kwanta rigingine, a ɗan ɗaga masa ƙafar da matashi. Mai tausar ya wanke hannu, farcensa a yanke. Kada a sa mai tukuna, domin hannu zai dinga zamewa ya kasa jan fatar.

2. Mai ciwon ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, ya sake shi a hankali ta baki. Sau 5.

3. A sa yatsu a kwance a cikin ramukan nan biyu da ke gindin wuya, a ja fatar kaɗan ƙasa, a saki. Sau 10.

4. A sa tafin hannu a hamatar gefen da ƙafar ta kumbura, a ja fatar sama a hankali, a saki. Sau 10. Sa'an nan a bi gefen jiki daga ƙugu zuwa hamata, ana jan fatar sama. Ana yin haka domin matatun gindin cinya sukan lalace, sai a nuna wa ruwan wata hanya.

5. A koma saman cinya. A ja fatar daga ciki zuwa waje, sa'an nan sama wajen ƙugu. A sauko kaɗan-kaɗan har gwiwa, amma kowane ja sama yake kallo. Sau 10 a kowane wuri.

6. A yi bayan gwiwa, sa'an nan sha-raɓa da ƙwauri, sa'an nan idon sawu, bayan ƙafa da yatsu.

7. A sake hawa daga ƙasa zuwa sama sau ɗaya, a rufe da numfashi sau 5.

Duka zai ɗauki minti 15 zuwa 20. A yi shi a hankali, ba gaggawa. A tsallake duk wurin da ke da miki ko ƙurji. Bayan an gama, sai a shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan a wuraren da fata ta bushe, ban da tsakanin yatsu da cikin ninki. Ya fi kyau ma'aikacin lafiya ya ga hannun mai tausar sau ɗaya ko biyu da farko, ya gyara masa.

Lokacin da ba a tausa

Wannan sashe a saurare shi da kunne biyu.

Ba a tausa sa'ad da ciwo ya tashi, wato ƙafa ta yi ja, ta yi zafi, ga zazzaɓi. Tausa a wannan lokaci tana iya tura ƙwayoyin cuta cikin jiki.

Ba a tausa idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu tare da ciwo a sha-raɓa, musamman ga mace mai jego, ko wanda aka yi wa tiyata, ko wanda ya daɗe a kwance. Yana iya zama jini ne ya daskare a jijiya. Idan gudan jinin ya tashi ya kai huhu, mutum yana iya mutuwa nan take. A kai shi asibiti a ranar.

Ba a tausa idan ƙafafu biyu ne suka kumbura tare, mutum yana haki, ko ba ya iya kwanciya sosai, ko fuskarsa ta kumbura da safe, ko cikinsa ya cika da ruwa. Wannan yakan zama ciwon zuciya, ƙoda ko hanta. Mace mai ciki da ƙafa da fuska suka kumbura, tana ciwon kai, a kai ta a auna jininta ba tare da jinkiri ba, gama hawan jini a lokacin ciki yana kawo jijjiga.

Mai sankara kuma sai likitansa ya yarda. A taƙaice, duk kumburin da ba a san dalilinsa ba, a fara kai shi wurin ma'aikacin lafiya kafin kowa ya sa hannu.

Me tausar ke yi, me kuma ba ta yi?

Ba ma so kowa ya koma gida da zaton da zai karya masa zuciya daga baya. Tausa mai taushi tana taimaka wa ruwa ya motsa. Mutane da yawa sukan ji ƙafar ta rage nauyi, fatar ta rage ɗaurewa, barci ya yi daɗi. Ta fi amfani a farkon ciwo, sa'ad da kumburin ke saɓewa da dare, kuma in an danna da yatsa wurin ya loɓa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Binciken likitoci ya nuna cewa tausa ita kaɗai ba ta rage girman ƙafa sosai, sai an haɗa ta da wanki, motsa jiki da ɗaga ƙafa. A asibiti akan ƙara da naɗi na musamman da bandeji, amma wannan aikin wanda ya koya ne, domin naɗin da ya matse yana tare jini.

Tausa ba ta kashe tsutsa. Ba ta mayar da ƙafar da ta yi shekara 20 da girma kamar ɗayar. Ba ta wanke jini, ba ta narkar da kitse, ko da masu talla a waya sun faɗi haka. Duk wanda ya ce a kawo akuya ko kuɗi zai warkar da tundurmi cikin mako guda, a riƙe akuyar. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne tsaga, ƙaho da sakiya, ko ɗaura ganye mai zafi, wai don a fitar da mugun ruwa. Kowace tsaga sabuwar ƙofa ce ga ƙwayar cuta, kuma miki a irin wannan ƙafa yana daɗewa bai warke ba. Mu roƙi wanzamanmu, cikin girmamawa, su bar ƙafar tundurmi.

Ɗaga ƙafa, motsa ta, sa mata takalmi

Ruwa gangare yake bi. Da rana, duk sa'ad da mai ciwon ya zauna, ko yana ɓarar gyaɗa ko yana saƙa, ya ɗora ƙafar a kan kujera da matashi, daidai da tsayin ƙugu. Da dare a sa tubali a ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen sawu, ko a sa tsumma a naɗe a ƙarƙashin katifa, domin ƙafar duka ta ɗagu daga cinya har diddige. Mai ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya yi haka.

Motsi kuma shi ne famfon ruwan jiki. Mutum ya dafa bango, ya yi ɗage a kan yatsu, ya sauko, sau 10 zuwa 15. Yana zaune ya miƙe yatsu gaba, ya jawo su baya, ya juya idon sawu kamar yana zana da'ira. A yi sau da yawa a rana. Tafiya tana da kyau. Tsayuwa wuri ɗaya na dogon lokaci ita ce ke cutarwa.

Kada a yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida. Idan na kasuwa ba ya shiga, baduku zai iya ɗinka mai faɗi, mai maɗauri da ake sassautawa. Takalmin roba mai matsewa yana sa gumi da bororo.

Idan ciwo ya tashi

A kwantar da mutum, a ɗaga ƙafar yadda zai iya jurewa. A jiƙa ƙyalle da ruwan sanyi mai tsabta a ɗora, ana sauyawa. Ya sha ruwa da yawa, a ba shi farasitamol domin zazzaɓi. A ci gaba da wanki a hankali in zai iya. A dakatar da tausa da motsa ƙafa, kada a naɗe, kada a gasa da ruwan zafi, kada a fasa bororo, kada a ɓare fatar da ke saɓulewa. A kai shi wurin ma'aikacin lafiya domin a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma ya shanye shi duka. Idan yana amai, ko ya rikice, ko wurin ya yi ruwa, ko mace ce mai ciki, kada a kwana. Sai zazzaɓi ya tafi, ja da zafin sun kwanta, sa'an nan a koma tausa.

Kalma ga maza

Gwaiwar da wannan tsutsa ke kawowa ruwa ne da ya taru a maraina. Tausa ba ta yi mata komai, kada a gwada, kada kuma a bari wani ya huda. Maganinta ƙaramar tiyata ce, bayanta kuma mutum yakan koma gonarsa. Kunya ta sa maza da yawa sun ɗauki wannan kaya shekara da shekaru. Dattawa, ku ne za ku iya jan irin wannan ɗan'uwa gefe ku yi masa magana a asirce, ku raka shi asibiti.

Abin da za mu iya yi tare

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wannan kulawa ta kowace rana ce har iyakar rai, kuma mutum shi kaɗai yakan gaji. Tsohuwar da ba ta iya sunkuyawa tana bukatar mai wanke mata. Wanda rijiya ta yi wa nisa yana bukatar mai ɗebo masa ruwa. Sabulu ɗaya a wata ba abu ne babba ba ga ƙungiya, amma ga gwauruwa yana iya zama abin da ya raba ta da kwanciya mako guda a tsakiyar damina.

Muna roƙo kowace ikkilisiya ta yi abubuwa huɗu kafin taronmu na gaba. A san masu wannan ciwo a ƙauyen, ko na ikkilisiya ne ko ba nata ba, a ziyarce su a gida ba tare da an kira sunan kowa a gaban jama'a ba. A zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je wurin ma'aikacin lafiya su koyi wanki da tausa, domin mace ta koya wa mata, namiji ya koya wa maza. Zumuntar mata da matasa su keɓe ɗan abu domin sabulu, baho, tawul da takalmi. A kuma ba masu ciwon wuri su haɗu sau ɗaya a wata, su wanke ƙafa tare, su ƙarfafa juna. Kowannensu ya riƙe ɗan littafi, ana rubuta ranar da ciwo ya tashi da kwanakin da ya kwanta. Bayan wata 6 a duba littafin, iyali za su ga da idonsu ko ana samun sauƙi.

Kada mu manta da gidan sauro, gama yana tare tsutsar tundurmi da zazzaɓi gaba ɗaya. A rataya shi, a ɗinke inda ya yage, yara su kwana a ciki kowane dare.

Yanzu za mu ɗan huta. Bayan hutu za mu rabu biyu-biyu, mata gefe, maza gefe, kowa ya gwada nauyin hannunsa a damtsen ɗan'uwansa, ma'aikatan lafiya za su zaga suna gyarawa. Wanda ke da tambayar da ba ya so ya yi a fili, ya same mu a gefe.  Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma mai da kowa gida lafiya.